Mu Biyu Muka Tafi Alkahira Zama Dakta

Jama'a na ci! Wallahi tallahi na ci! Satifiket ɗina yana cikin jakata, yanzu haka ina zaune a teburin mai shayi a Dutse ina buga wannan rubutun, babban yatsana har zafi yake, cajin wayata kuma sai addu'a. Na gama karatu a Masar, na dawo gida da ƙafafuna. Ni yanzu ma'aikacin ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi ne na asibiti. Ba Dakta ba fa, kar ma wani ya fara. Kuma mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo. Abokina Nura har yau ban san inda yake ba.

To ku gyara zama, don murnar tawa da sauranta.

Sunana Sagir, ɗan Ringim ne ni. Nura ɗan Taura ne, a makarantar kwana muka haɗu, gadonsa a saman nawa. Bayan mun gama sakandare muka yi ta neman gurbin likitanci a gida, abu ya ƙi. Muna zaman jira a Dutse aka haɗa mu da wani mai kai ɗalibai waje. Ba zan kama suna ba, mu ce masa Oga. Ofis da na'urar sanyi, hotunan samari cikin farar riga a bango, takardu masu tambari ja da kore. Iyayenmu suka yi abin da iyaye suke yi, suka matse kansu, aka biya.

Kun san halinmu dai. Ranar da aka ji wane zai tafi karatun likita, a ranar an gama naɗa shi. Tun ban ga ƙofar aji ba, mai kanti a layinmu Dakta yake ce min. Direban motar Kano ya ƙi karɓar kuɗina, wai Dakta ba ya biya. A Taura kuwa abin ya fi haka, don a dangin su Nura babu wanda ya taɓa hawa jirgi. Sunan ya riga mu shiga jirgin, kuma shi ne kayan da ya fi mana nauyi.

Filin jirgin Alkahira.

Oga ya ce muna sauka za mu ga mutum riƙe da kwali da sunanmu. Muka ga kwalaye kala-kala, babu namu. Lokacin sanyi ne, mu kuma mun sha shadda mai sitati da hula, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Sanyin ya dinga shiga ta hannun riga yana fita ta wuya. Muka tsaya har waɗanda muka sauka tare suka watse, aka sauke wasu, su ma suka watse.

Na ce, "Nura, anya kuwa?"

Ya ce, "Guy, kai matsalarka kenan, saurin karaya. Gosulo ne ya riƙe shi. Ka san girman garin nan kuwa?"

Haƙoransa suna kaɗawa yake faɗa, amma yana dariya. Haka Nura yake. Ko jarrabawa muka faɗi shi ne mai cewa malamin ne bai gane amsar ba tukuna.

Wani saurayi ɗan Zinder da ya zo raka baƙo ya ji muna Hausa, ya matso. Ya karɓi takardunmu ya duba, ya juya bayansu, ya sake dubawa. Sai ya ɗago ya kalle mu, irin kallon da ake yi wa mutum a gidan gaisuwa.

Ya ce, "Ku ne na bana kenan. Ku ɗauko kayanku."

Unguwar baƙi.

Ya kai mu wata unguwa da baƙaƙen fata suka cika, 'yan Sudan, 'yan Chadi, namu na gida. Ɗakin ɗalibai ne a can saman bene, katifu a ƙasa, tukunya ɗaya. Suka matsa mana wuri ba tare da tambayar komai ba. Washegari muka nemi adireshin da ke takardar Oga. Muka same shi a saman wani shagon takalma. Ɗakuna ne ƙanana da allo da kujerun roba. Mai wurin dattijo ne mai fara'a, har shayi ya ba mu. Ya ce nan Larabci ake koyarwa, kuma eh, an yi mana rajista ta ɗan lokaci. Likitanci? Sai kawai ya tura mana sukari.

Muka tafi babbar jami'a, ofishin ɗaliban waje. Wata mata ta buga sunayenmu a kwamfuta, ta buga lambar da ke takardar, sannan ta juyo mana da fuskar kwamfutar don mu gani da idonmu. Fari fat. Ta ce, "Ma'alesh." Wato ku yi haƙuri. Kalmar Larabcin Masar ta farko da na koya kenan, kuma har na baro ƙasar ban daina jin ta ba.

Muka kira Oga. Ya ce mu kwantar da hankali, sunayen suna kan hanya, wata mai zuwa. Wata ya zo, ya ce bayan Sallah. Bayan Sallah layinsa ya daina shiga. Yayana ya je ofishin a Dutse, ya tarar ana sayar da labule a ciki. Shi kaɗai na gaya wa, na haɗa shi da Allah kar ya kai gida.

An wanke mu, jama'a. Tas.

Ni abin ya kwantar da ni. Sai in wuni a katifa ina kallon silin. Nura kuwa kamar an ƙara masa batir. Ya samo wasu bidiyoyi na masu ƙarfafa gwiwa, irin masu tsayawa gaban mota mai tsada suna ihu. Da safe kafin in buɗe ido zan ji shi yana cewa, "Yau ranar nasara ce! Tashi, Dakta Sagir!"

Na ce, "Don Allah ka daina kira na da sunan nan."

Ya ce, "Ba a faɗar mummunar magana, guy. Abin da ka faɗa shi kake jawowa. Ka sa a ranka kai likita ne, sauran zai biyo baya."

"Ta ina zai biyo?"

"Ka ga irinta ko? Ta ina, ta ina. Kai dai ka yarda kawai."

Wata rana ya dawo daga kasuwa da farar riga irin ta likitoci da abin sauraron ƙirji. Ya ja ni ƙofar wani babban asibiti, ya ce in ɗauke shi. Na ɗauka. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya, Nura dogo ne, rigar ta zauna masa. Kafin la'asar hoton ya zaga Taura kaf. Daga nan aka buɗe mana asibiti a waya. Gwaggonsa ta turo murya wai gwiwarta tana ƙara in za ta yi sujada. Wani maƙwabcinsu ya turo hoton ƙurji a bayansa, kusa-kusa, muna tsakiyar cin abinci. Ni ma nawa suka fara. Ni sai in ce ba mu kai darasin ba. Nura kuwa sai ya bincika a waya ya ba da amsa da muryar manya. Muna dariya a lokacin. Amma ranar da na ji yana gaya wa wata mata yadda za ta ba jaririnta magani, na daina dariya.

A ƙasan benenmu akwai Ammu Sa'id, mai sayar da dafaffen wake da gurasa a kan amalanke. Ammu shi ne kawu a bakinsu. Bai san sunanmu ba, "ya Nijeriya" yake ce mana mu duka. Ya lura kwano ɗaya muke saya mu biyu, bai taɓa cewa komai ba. Sai dai ludayinsa ya ƙara nutsewa, gurasa kuma kullum biyu. In na ce ɗaya muka saya, sai ya juya baya ya fara faɗa da wani daban.

Asibiti.

Ɗan Larabcin da muka koya a saman shagon takalma shi ya ba ni abin yi. Mutanenmu suna zuwa Alkahira neman magani sosai, kuma suna buƙatar mai yi musu tafinta da raka su. Nura ya ƙi, wai aikin bai dace da matsayin da yake jawowa ba. Ni yunwa ta fi ƙarfin matsayina, na shiga.

A nan aka haɗa ni da Anti Rahila. 'Yar Filato ce, ta daɗe tana aikin gwamnati a Dutse, Hausarta ta fi tawa. Ta kawo mijinta, ciwon ƙoda. Muna gaisawa na ce daga Ringim, ta tambayi gidanmu na faɗa, sai ta tafa hannu.

"Kai ne yaron Malam mai sayar da albasa? Ai a wurin babanka nake sari in na je kasuwa! Ba shi da zance sai na ɗansa Dakta. Yesu na gode, ka ga an kawo min na gida."

Ta zaro takardun gwaji da wani baƙin hoto daga jaka ta ɗora min a cinya.

"Duba min, ɗana. Su nan in sun yi magana rabi nake ji. Ka gaya min gaskiya, kar ka ɓoye min."

Na riƙe hoton. Ko samansa da ƙasansa ban sani ba. Mijinta yana kwance a gefe, ƙafafunsa sun kumbura, yana kallona da ido irin na wanda ya ga mai ceto. Na ji muryar Nura a kaina tana cewa ka yarda kawai. Na san in na buɗe baki da muryar manya za su yarda.

Na ce, "Anti, ni ba Dakta ba ne. Ban taɓa shiga ajin likitanci ba. An cuce mu ne. Baba bai sani ba."

Ta karɓe takardunta a hankali, ta mayar jaka. Na ɗauka kora ta za ta yi. Sai ta ce, "To tashi mu je wurin likitan. Kai ka yi abin da ka iya, ka faɗa min abin da ya ce, kalma da kalma."

Muka shiga. Likitan ya yi bayani, ba mai daɗi ba. Na fassara. Ta ce in tambaye shi in maganin ya karɓe shi me za a yi, na tambaya. Ta ce in tambaye shi in bai karɓe shi ba fa, me za ta shirya. Na tsaya. Na ce, "Anti, wannan kuma ai kamar fata ne mara kyau."

Ta ce, "Tambaye shi, yaro."

Da muka fito ta sayo mana shayi, muka zauna a benci. Ta ce, "Kullum ina roƙon Allah ya tashe shi, kuma ina sa rai zai tashi. Amma in na rufe ido na ce babu ciwon, wa zai kai shi wankin ƙoda gobe? Sa rai ba ya hana ka sanin inda kake tsaye. In ba ka san inda kake ba, ta ina za ka fara tafiya?"

Sannan ta nuna ni da cokali. "Ni ba zan gaya wa babanka ba. Amma zan koma Dutse, zan je sarin albasa, zai tambaye ni ya Dakta. Ni kuma ba na yi wa dattijo ƙarya. Ka kira shi kafin in koma."

Bayan sallar Juma'a na kira. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Na faɗa masa komai a tsaye, ba numfashi, kamar mai karanta hadda. Na kai ƙarshe. Har na duba ko layin ya yanke.

Ya ce, "Sagiru, kana samun abinci?"

Nan na fashe da kuka a bakin titi, Larabawa suna kallona.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "To an yi. Allah ya isa tsakaninmu da shi. Yanzu a can ɗin, me ake iya karantawa da gaske, wanda za ka shiga ajin ka zauna?"

Na riga na bincika. Akwai makarantun koyon aikin lafiya na gajeren zango, kuma takarduna sun isa. Na ce, "Baba, akwai na ɗaukar hoto."

Ya ce, "Hoto? Na biki?"

Na ce na asibiti, na ƙashi da ƙirji. Ya ce, "To. Shi ma ai ciwo ake nema a ciki. Ka shiga."

Kar ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Labari ya bazu a Ringim. 'Yan ajinmu na sakandare suka canza min suna a guruf zuwa Mai Hoto, wani har yana tambaya nawa nake wanke fasfo. Wadda nake so ta daina amsa saƙona. Baba ya sha kallo a masallaci. Duk na ji zafinsu. Amma wallahi ranar da na gaya wa Baba na yi numfashi irin wanda na manta ana yi.

Nura ne bai yafe min ba.

Ya ce, "Ka sare, guy. Ka yarda an ci ka."

Na ce, "An ci mu, Nura. Ni da kai. Zo mu shiga makarantar nan tare, gurbi yana nan."

"In koma Taura in ce musu me? Dakta ya zama mai hoto? Ka san yadda Inna take tafiya yanzu a gari? Ka san kai a sama take shiga gidan biki?"

"Za ta ji zafi, ta warke."

"Kai ƙaramin tunani gare ka. Ni abin da na sa a gaba sai ya faru."

Ya haɗu da wani a waya, sabon Oga. Wannan ya ce masa a Turai karatun likita kyauta ne ga wanda ya iso, hanya kuma ta Libiya ce, a bi ta ruwa. Na roƙe shi. 'Yan ɗakinmu suka roƙe shi. Ɗan Zinder ya zaunar da shi ya lissafa masa waɗanda ya sani da suka bi hanyar aka daina jin su. Nura ya toshe kunne da hannu yana dariya, wai ba ya sauraron masu kashe gwiwa.

Wata rana na dawo daga aji na tarar katifarsa a naɗe.

Da farko saƙonni suna zuwa. Ga mu a mota, guy. Ga mu mun tsallaka iyaka. Muryarsa ta dushe, amma fara'ar tana nan, kamar an ɗaura masa ita da igiya. Na ƙarshe ya ce suna wani gida suna jira, su da yawa, ruwan sha yana wahala, amma komai normal, in gaida Ammu. A bayan muryar akwai wani yana tari, tari mai tsawo. Na saurari saƙon nan har na haddace tarin.

Na mayar masa da amsa. Alama ɗaya ta fito, ta an tura bai isa ba. Har yau a haka take.

Na gaya wa Baba. Baba ya hau mota ya je Taura ya sami kawun Nura, don mahaifin Nura ya rasu tun yana ƙarami. Maza suka zauna a zaure suka yanke shawara irin tamu: kar a gaya wa Inna, tana da hawan jini, a jira a ga abin da Allah zai yi. Aka ce mata karatu ya yi zafi, an hana su waya.

Ni kuma na shiga wani hali. Ina ganin Nura a ko'ina. A tashar jirgin ƙasa sai in hango dogo baƙi ya ba ni baya, in bi shi da gudu, ya juyo ɗan Sudan ne. Ammu Sa'id bai daina ba ni gurasa biyu ba. Na ce masa abokina ya yi tafiya. Ya ce, "In ya dawo ya ci," ya naɗe min ita. Sai in hau sama in ajiye ta a gefe, in ci tawa ina kallonta.

Wata safiya shugaban ɗalibanmu ya kira ni. An kawo gawar wani saurayi baƙar fata wani asibiti daga wajen iyaka, ba takarda, dogo ne. Muka je. Ɗakin sanyi, warin magani, ma'aikacin ya ja mayafin. Ba shi ba ne. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi, har da murmushi. Sai na sake kallon fuskar. Yaro ne sa'anmu, yana da tsaga a kumatu, ɗan wata ne. Wata tana can tana cewa karatu ne ya yi masa zafi. Na fito waje na yi amai a gindin bishiya.

Karatun ma bai zo da wasa ba. Da Larabci ake yi, malamai suna gudu kamar ana bin su. Jarrabawar farko na sha ƙasa, ba kaɗan ba. Da a ce Nura ne zai ce malamin bai gane ba. Ni na ɗauki takardar na je na tambayi malamin ina na faɗi. Ya nuna min. Wurare da yawa ne, guy, har ya gaji da nunawa. Na koma na fara daga sunayen ƙasusuwa, ina liƙa su a bango. Kullum da safe abu biyu nake yi. In tura wa Nura saƙo, don ban cire rai ba. Sannan in buɗe littafi, don saƙon ba zai yi min jarrabawa ba. A haka, a haka, har ranar da aka kafe sakamakon ƙarshe na ga sunana. Na yi tsalle na rungumi wani Balarabe da ban sani ba. Na ciro waya in gaya wa mutum na farko, sai na ga sunan da yatsana ya je kai.

Taura.

Bayan na huta a gida na ce sai na je. Baba ya ce in bi a hankali. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya, komai kore shar. Kawun Nura ya tare ni a zaure, ya riƙe min hannu.

"Ka ce yana lafiya, yana karatu. Ka ji ko? Kar ka kashe mana ita."

Na zare hannuna na wuce ciki.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta rame. Ta shimfiɗa min tabarma, ta sa aka kawo fura, ta yi min barka, ta tambayi su Baba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ya Dakta?"

Na kalli ƙofar zaure. Kawu yana tsaye.

Ta ce, "Kar ka kalle shi, Sagiru. Ni ka kalla. Duk wanda ya shigo gidan nan in na yi tambaya sai ya kalli ƙofa. Hawan jini gare ni, ba hauka ba. Wane karatu ne yake hana yaro gaida uwarsa Sallah da Sallah?"

Na durƙusa sosai. Na ce, "Inna, abin da na sani zan faɗa, wanda ban sani ba zan ce ban sani ba."

Na faɗa mata. Oga, shagon takalma, farar rigar kasuwa, hanyar Libiya, saƙon ƙarshe. Na ce ban ga gawarsa ba, babu wanda ya ce ya mutu. Akwai waɗanda ake tsarewa a can su daɗe sannan su fito. Akwai waɗanda suke tsallakawa kunya ta hana su kira. Akwai kuma waɗanda ba sa dawowa. Ban san a cikin wanne yake ba.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suke sauka a faifan.

Ta ce, "Kunya. Kunyar wa?"

Na ce, "Ta sunan, Inna. Ya ce da kai a sama kike shiga gidan biki."

Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ka san me ya sa na riƙe sunan nan? Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce yaron nan. Da aka fara ce masa Dakta sai na samu abin da zan kira shi da shi a gaban mutane, bakina ya huta. Shi kenan fa. Ashe shi ya ɗauka rigar nake so."

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce wa Kawu gobe ya je duk inda ake kai cigiyar waɗanda suka ɓata a waje, ya kai, a daina zaman jira. Sannan ta nuna wayata. "Wannan abar taku tana kai magana ko'ina?"

Na ce tana kaiwa, in mutane sun tura.

"To rubuta." Ta gyara zama, ta kalli wayar kamar shi ne a ciki.

"Nura. Nura, ni ce. In kana da rai ka dawo, ko ka kira. Ko da silifas ɗaya ne ka dawo. Babu wanda zai tambaye ka takarda. Nura na haifa."

Kawu ya juya ya fita zaure, ina jin yana fyace hanci.

To jama'a, saƙon kenan, na rubuta shi yadda ta faɗa. Ni ina sa rai yana raye, kuma na san zai iya yiwuwa ba ya raye, duka biyun ina ɗauke da su. Amma in yana raye, yana da waya ko yana kusa da mai waya. Ba na neman layik, ba na neman barka. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, musamman guruf ɗin 'yan gida da ke Libiya da Turai da Masar. Ku tura har ya kai inda dogon nan ɗan Taura yake.